Hoto a Matsayin Shaida: Batun Batsari da Safana



Hoton shaida shi ne wanda aka ɗauka da niyyar adana halin da jama'a ke ciki, aka rubuta masa wuri da rana da bayanin abin da ya faru, sannan aka ajiye shi inda mai bincike zai same shi ko bayan shekara hamsin. Idan aka auna da wannan ma'auni, ƙananan hukumomin Batsari da Safana, da suka daɗe suna fama da 'yan bindigar dajin Rugu, suna cikin talaucin hoton shaida, duk da cewa wayoyin mutane cike suke da hotunansu. Tarihin rikicin ba ya buƙatar maimaici a nan. Satar shanu, garkuwa da mutane, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mazauna daji, da ƙauyukan da suka watse zuwa Batsari da Dutsin-Ma da Katsina, duk sanannu ne.

Hotunan da ke yawo a kan yankin iri uku ne. Na farko hoton gawa. A watan Mayun 2019, bayan harin 'Yar Gamji, mutanen Batsari sun ɗauko gawarwaki 18 har cikin birnin Katsina domin hukuma ta gani da idonta. A watan Fabrairun 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Hotunan waɗannan ranaku sun karaɗe WhatsApp da Facebook, suka yi kwana biyu, suka nutse. Wasu kan sake ɓullowa bayan shekara, an liƙa musu sunan wani gari daban. Na biyu hoton hukuma: buhunan hatsi a jere, jami'i na miƙa wa tsohuwa, ko zaman sulhu irin na 2019, inda aka ga Gwamna Aminu Bello Masari tsaye kusa da mai rataye da bindiga, da makamantansa na 2025. Na uku hoton ƙungiyoyin agaji, wanda galibi na yara ne masu tamowa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025, kuma hotunan da suka raka rahoton sun kai ƙasashen waje.

Kowane iri yana da mai shi, kowane mai shi yana da bukatarsa. Abin da ya faɗi a tsakani shi ne rayuwar kanta: gonar da ta koma saura, rumbun da aka ƙone, ajin firamare da iyali uku suka raba da zane, matar aure da ta koma aikatau a birni. Daga watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da waɗannan biyu, hatta hoton gawar ya yi ƙaranci na tsawon watanni. Wanda tarihinsa ke rataye a kan intanet, ranar da aka kashe layi ranar tarihinsa ya tsaya.

Misalin da ya fi dacewa da wannan matsala ya fito ne daga Amurka. Daga 1908, wani malamin makaranta mai suna Lewis Hine ya kama aikin ɗaukar hotunan yaran da ake sa wa aikin ƙarfi a masaƙu da ramukan kwal da gonaki. Masu masana'antu ba sa son ganinsa, don haka yakan shiga da sunan mai duba kayan kashe gobara ko ɗan talla. Darajar aikinsa ba ta tsaya ga kyamara ba. Kusan kowane hoto yana da rubutu a ƙarƙashinsa: garin, masana'antar, ranar, shekarun yaron, awannin da yake aiki, wani lokaci har da ladan da ake biyansa. Tsayin yaro ma Hine yakan ƙiyasta shi da maɓallan rigar da ke jikinsa shi kansa. Saboda wannan rubutu, mai masaƙa ba ya iya cewa hoton na wani wuri ne, ɗan majalisa ba ya iya cewa ƙirƙira ce. Sama da hotuna 5,000 na wannan aiki suna ajiye a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, kuma suna cikin hujjojin da suka share fagen dokar 1938 da ta taƙaita aikin yara. Har yau masu bincike na bin sunayen da ya rubuta suna gano jikokin yaran.

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma aikin Hine ya nuna cewa ganin da ba shi da rana da wuri ba ya korar musu. Kotu ba za ta yi hukunci da shi ba, kwamitin biyan diyya ba zai yi lissafi da shi ba, ɗalibin tarihi ba zai kafa hujja da shi ba. Hoto ɗaya na rumbunan Tsauwa da aka rubuta masa rana da sunan unguwa da adadin dammunan da suka ƙone ya fi dubun da ke yawo a waya ba uwa ba uba.

Shahararrun hotunan wahala na duniya sun yi tasiri, amma da yawa sun gaza a wannan fanni. Hotunan Biyafara na 1968, da na Sebastião Salgado a yankin Sahel a 1984 da 1985, da hoton yaro da ungulu da Kevin Carter ya ɗauka a Sudan a 1993, sun jawo kuɗin agaji, sai dai mutanen cikinsu sun zama alamar yunwa kawai, ba masu suna da dangi ba. A gida akwai hanyar da ta fi: George Osodi ya shafe shekaru yana bin ɓarnar mai a yankin Neja Delta inda ya fito, Fati Abubakar kuma ta ɗauki Maiduguri a matsayin garin da ake ciniki da biki da karatu a tsakiyar yaƙi. Ɗan gida ya san wanda zai yi wa sallama, ya san abin da ba a nunawa.

Ɓangaren muhalli ya fi kowane zama marar gata. Dajin Ruma da Kukar Jangarai keɓaɓɓen wurin kiwo ne tun zamanin gwamnatin Jihar Arewa. Kowa na cewa an cinye burtali, an sare itatuwa, tafkuna sun ƙafe, har dokar tsaro ta jihar Katsina ta 2021 ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Hanyar tabbatar da wannan mai sauƙi ce: a tsaya wuri guda a ɗauki hoto kowace shekara, rani da damina. Musun manomi da makiyayi kan inda labi ya bi zai ragu idan akwai jerin irin waɗannan hotuna.

Masu adawa iri uku ne, kuma hujjarsu ba ta da nauyi. Jami'an da ke cewa hoto na ɓata sunan jiha su ne masu gayyatar 'yan jarida ranar rabon kaya. Tarar naira miliyan 5 da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV a 2022 saboda shirinta kan 'yan bindiga ba ta rage hari ko ɗaya ba. Masu cewa hoto na keta mutunci suna da gaskiya a kan hoton gawa da na tsiraici, kuma maganin wannan neman izini ne, ba haramci ba. Malaman jami'a da ke ɗaukar hoto a matsayin ado a ƙarshen kundin digiri kuwa, su ne suka fi kowa alhakin wannan giɓi.

Abin yi a bayyane yake. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, tare da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su buɗe taskar hotunan yankin Rugu, a ajiye kwafi a Gidan Arewa da ke Kaduna. A horar da matasan Batsari da Ruma da Runka da Safana, maza da mata, domin mace ce kaɗai ke iya shiga cikin gida. Kada a karɓi hoton da ba shi da rana da wuri da izinin mai shi, kuma a ɓoye suna da fuskar duk wanda bayyanarsa za ta jawo masa hari. A tattara hotunan da ke wayoyin jama'a tun masu su na iya tuna ranar da suka ɗauka. Sassan koyar da aikin jarida su mai da rubuta bayanin hoto darasi na tilas. Kuɗin wannan aiki bai kai na taron bita guda a otal ba, kuma kowace shekara aka jinkirta, wayoyi na lalacewa, shaidu na mutuwa.