Tsofaffin Gidajen Cikin Garin Daura: Amana Ce A Wuyanmu



Maganarmu ta yau a kan tsofaffin gidajen ƙasa ne da ke unguwannin da suka kewaye fadar Mai Martaba da Rijiyar Kusugu. A cikinsu aka haifi da yawa daga cikinmu, amma yau suna zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Kakanninmu ba su yi ginin nan da ka ba. Baƙo kan tsaya a zaure, na kusa ya wuce shigifa, cikin gida kuwa sai iyali da muharramai. Magina kan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa su yi tubali, su ɗora bango mai kauri daga ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Kaurin nan ne ke hana zafin bazara shiga ɗaki da rana, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Rufi kuwa da azarar giginya ake yi, domin gara ba ta cika cin ta ba. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan ɗaki ya yi faɗi, sai magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, aka sami manyan soraye. A waje akwai zankwaye da zanen dagi, sai indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango, da makuba ta ɓawon ɗorawa mai kare yaɓe.

Babban abin da ke kayar da gidajen nan shi ne rashin kulawa, wani lokaci ma irin taimakon da muke aikowa daga birni. Mukan aika da kuɗin siminti a shafe bangon ƙasa, alhali siminti ba ya kama ƙasa da kyau. Danshi sai ya taru a bayansa, bayan 'yan damuna ya ɓamɓare ya tafi da fuskar bango. Abin da gidan ƙasa ke bukata shi ne yaɓe kafin faɗuwar ruwa, da gyaran rufi, da share indararo.

Kada mu ɗauka ginin ƙasa alamar talauci ne. Masallacin ƙasa na ƙauyen Yama a jihar Tawa ta Nijar ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986, kuma Hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013.

Don haka muna roƙon abu uku. Kowane gida ya ware kuɗin yaɓe duk shekara kafin damina. Ƙungiya ta ɗauki nauyin samari su koyi sana'ar a hannun dattawan magina tun suna raye. Sannan duk wanda larura ta sa zai rushe, ya bar zaure, ya kuma ɗauki hoton sauran. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.