ABIN DA ƘANANAN AYYUKA SUKA KOYA MINI

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2008 ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya)



Kwamitin shirya wannan taro ya umarce ni da in yi wa ƙannenmu masu shirin fita bayani a kan neman abinci bayan makaranta. Akwai waɗanda suka fi ni cancanta a wannan zaure, amma tunda an ce in faɗa, zan faɗi abin da na gani da idona. Kafin in sami kujera a ofishin gwamnati sai da na ratsa ayyuka iri-iri, kuma kowanne akwai abin da ya bar mini.

Da muka gama jarrabawa a 2008, ban sami shiga jami'a nan take ba, sai mahaifina ya kai ni Kantin Kwari wajen wani amininsa, na zama yaron shago. Aikina shara, da kwance dila, da jera turamen atamfa da shadda, da ɗaukar wa baƙi kaya zuwa mota. A nan na ga fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru suna ɗibar kayan maƙudan kuɗi ba takarda ba shaida, sai suna kawai da ake rubutawa a littafin bashi. Wanda ya cika alkawari, in ya dawo a ninka masa kaya. Wanda ya saɓa sau ɗaya, kafin la'asar duk layin ya ji. Wato jarin ɗan kasuwa na farko shi ne amana, kuɗi daga baya suke zuwa.

Aiki na biyu, yajin aikin malaman jami'a ne ya jefa ni cikinsa. A 2013 an rufe azuzuwa tun daga watan Yuli har Disamba. A farkon shekarar kuma gwamnatin Kano ta hana acaɓa, saboda haka jama'a suka koma A-Daidaita-Sahu. Na karɓi guda ɗaya a hannun wani maƙwabcinmu, kullum da daddare in kai masa balas. Jama'a, a nan na san bambancin ciniki da riba. Za ka ga aljihu cike da kuɗi da yamma, amma in ka cire balas, ka cire na mai, ka ware na faci da na bakanike, abin da ya rage shi ne naka, kuma sau da yawa bai taka kara ya karya ba. Direbobin da na ga sun mallaki nasu babur su ne masu wannan lissafi kowace rana. Na kuma lura da cewa wasu abokan karatuna in sun hango ni sai su kau da kai. Ƙannena, wannan kunya ita ce ta zaunar da samari da yawa a bakin titi.

Na uku shi ne bautar ƙasa, wadda na yi a wani ƙauye a Jihar Oyo, ina koyarwa a kan alawus na Naira 19,800 a wata. Ana cikin haka zaɓen 2015 ya zo, aka ba ni rumfa guda in kula da ita ranar 28 ga Maris, shekarar da aka fara amfani da na'urar tantance masu zaɓe. Ga ni baƙo, Yarbancina bai wuce gaisuwa ba, ga wakilan jam'iyyu kowa ya zuba mini ido. Abin da ya fisshe ni shi ne bin ƙa'ida: na nuna wa kowa akwati ba komai a ciki, na ƙirga ƙuri'u da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu a takardar sakamako. Aikin da aka yi a bainar jama'a, shi yake kare mai shi.

Bayan na dawo gida na koyar a wata makarantar kuɗi, inda albashi kan yi wata biyu bai fito ba, daga nan na shiga shirin N-Power da aka fara a 2016, a kan Naira 30,000. Wanda ya taɓa jiran albashi da bashin mai shago a wuyansa ba ya wasa da haƙƙin wani.

A 2019 Allah Ya sa aka ɗauke ni aiki a mataki na takwas, kamar yadda ake ɗaukar mai digiri. Takardar jami'a ce ta buɗe mini ƙofa, wannan gaskiya ne, don haka kada wanda ya ce na hana shi karatu. Amma da na zauna, sai na tarar abin da nake aiki da shi kullum daga Kwari da kan titi na samo shi. Idan dattijo ya shigo yana bin fayil ɗinsa, na san kuɗin mota ya biya, wataƙila ma rance ya ci. Idan mai sana'a ya tsaya a gabana, na san ya rufe shago ne, cinikin ranar ya tafi. Kalmar nan ta "je ka dawo gobe" da muke furtawa cikin sauƙi, a wajen wani abincin gidansa ne na kwana guda. 'Yan'uwana ma'aikata da ke nan, mu riƙa tuna wannan.

Haka kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da albashi. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, kuma ƙarin mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 da aka yi a 2024 bai cike giɓin ba. Dokar ɗa'ar ma'aikata ta hana mu gudanar da kasuwanci, amma ta bar mana noma. Ni dai damina ba ta wuce ni. Ma'aikacin da yake da buhun masara a ɗaka ya fi ƙarfin kau da kai daga abin da ba nasa ba.

Daga ƙarshe, Mai girma Shugaba, ina da roƙo guda. A cikinmu akwai masu shaguna, da masu gareji, da teloli, da manoma, da masu ɗakin shan magani. Me zai hana kowannenmu ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu a lokacin dogon hutu, ya koya musu aiki, ya ba su na sabulu? Ina ba da shawara Sakatare ya buɗe rajista yau, kafin a tashi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku kuma ƙannena, duk aikin halal da ya zo muku ku kama shi hannu biyu, ku tsare lokaci, ku tsare amana.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa na raye da alheri, Ya ɗaukaka wannan makaranta tamu.