Mai Farfaɗiya Ya Girma: Wa Zai Riƙe Masa Magani?



Maganata yau a kan wanda farfaɗiya ta kama tun yana goye ne, ga shi yanzu ya yi gemu, ko kuwa ta isa aure. Muna da su a ƙauyukan Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi. Wani wurin doguwar naƙuda ya samu, wani zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, wani kuma sanƙarau ya bar masa. Yaron da yake shekara 5 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, yau ya haura 30.

Iyaye sukan tambaya, "Zai rabu da shi kuwa?" Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. A Turku ta ƙasar Finlan, likitoci sun bi yara 245 masu ciwon tun daga 1964 har shekara 40. Da yawansu ciwon ya lafa. Amma 60 sun rasu, wato ninki uku na yadda ake zato ga tsaransu, galibi waɗanda faɗuwar ba ta tsaya musu ba. To, can ma inda asibiti ya wadata ke nan.

A nan damuwata take. Yana ƙarami, uwa ce take ƙulle ƙwayar a gefen zane, ita take tuna ranar asibiti. Da ta tsufa, ko ya tafi cirani Kano, ko aka kai yarinya gidan miji, sai maganin ya rasa mai shi. Ga damina ta zo, kuɗin gida duk sun tafi wurin takin masara, a ce a dakata sai kaka. Yanke magani farat ɗaya kuwa yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Ko mutum ya shekara 2 bai faɗi ba, likita ne kaɗai zai ce a rage, shi ma a hankali. Mu yi addu'a, i, amma kada fasto ko mai bishara ya ce wa kowa ya zubar da ƙwaya don nuna bangaskiya.

Iyayenmu mata, ku riƙe wannan. Maganin da ake kira sodium valproate yana iya nakasa jariri a ciki. Phenobarbitone da carbamazepine kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Saboda haka tun ana maganar baiko yarinya ta ga likita, a babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi, in ta kama a tura ta Asibitin Koyarwa na Shika. A kuma gaya wa saurayin gaskiya kafin a ɗaura aure. Ɓoyewa ce take sa amarya ta riƙa shan magani a asirce, har ta daina.

Noma ba laifi, zai iya. Abin gudu shi ne bakin rijiya da madatsar ruwa irin ta Mairuwa shi kaɗai, hawan itace, tuƙa babur, da girki a murhu ba kowa kusa. Burkutu da rashin barci suna ta da ciwon, har da kwanan addu'a da muke yi.

In ya faɗi a majami'a, kada a watse. Yawunsa ba ya sa wa kowa ciwo. Kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa kome. A sa abu mai taushi ƙarƙashin kansa, a juya shi ta gefe. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti.

Roƙona ga dattawa, kowace ikilisiya ta zauna da irin wannan gida, da yardar mai ciwon, a tsai da mutum ɗaya banda uwa wanda ya san sunan maganin da awonsa. Daga hatsin baikon godiya na bana kuma, a ware abin da zai sayi maganin watannin damina.