Takardun Shaidar da Suka Fi Nauyi Wajen Neman Aikin Koyarwa a Makarantun Sakandare

Makarantar sakandare a Nijeriya hawa biyu ce, kuma kowane hawa da irin takardar da yake nema daga malami. Ƙaramar sakandare, wato shekaru ukun farko, tana cikin ilimin bai-ɗaya na shekaru tara wanda dokar UBE ta 2004 ta tsara, shi ya sa a jihohi da dama hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ce ke ɗaukar malamanta. Babbar sakandare kuwa tana hannun ma'aikatar ilimi ko hukumar kula da malamai ta jiha, sai makarantun haɗin kai da gwamnatin tarayya ke tafiyarwa. Wajibi ne mai neman aiki ya fara sanin hawan da yake nufi kafin ya shirya takardunsa.

Mataki na farko shi ne takardar NCE, wadda kwalejojin ilimi ke bayarwa bayan karatun shekara uku, a ƙarƙashin kulawar hukumar NCCE da aka kafa a 1989. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ɗauki NCE a matsayin mafi ƙarancin shaidar da za a shiga aikin koyarwa da ita, abin da ya kawo ƙarshen zamanin takardar malanta ta Gireti Tu. Mai NCE ya dace da firamare da ƙaramar sakandare. Ana samunsa a manyan azuzuwa a inda malamai suka yi ƙaranci, amma idan an buɗe gurbin babbar sakandare, mai digiri ake fifitawa.

Digirin da ya fi cika sharaɗi shi ne wanda ya haɗa darasi da fannin koyarwa, wato B.Ed ko B.A.(Ed) ko B.Sc.(Ed). Dalili kuwa shi ne aikin malami yana buƙatar sanin darasin da kuma sanin yadda ake isar da shi ga yaro. Ɗalibin da ya yi B.Sc.(Ed) a kimiyyar sinadarai ya karanta sinadaran, ya karanta halayyar ɗalibai da dabarun koyarwa da tsara jarrabawa, sannan ya fita gwajin koyarwa a wata makaranta, malaminsa na zaune a bayan aji yana ba shi maki. Wanda ya yi digirin sinadarai zalla, ko da ya fita da daraja ta ɗaya, bai bi ta wannan horo ba, kuma a idon doka bai zama ƙwararren malami ba tukuna.

Irin wannan mai digiri, da kuma mai babbar difloma ta HND, hanyarsa ita ce diflomar koyarwa ta bayan digiri, PGDE ko PDE, wadda yawanci shekara guda ce. Jami'o'i kamar ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano suna bayar da ita, haka ma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, kuma ta saba da koyar da ma'aikata ba tare da sun bar bakin aiki ba. Digiri na biyu ko na uku a darasin kansa ba ya maye gurbin wannan difloma. Yana ƙara daraja da saurin ci gaba, amma bayan an riga an cika sharaɗin malanta.

Daga nan sai rajista da Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya, TRCN, wadda aka kafa da doka ta 31 ta 1993. Majalisar ta kasa malamai rukuni huɗu: A ga masu digirin digirgir, B ga masu digiri na biyu, C ga masu digirin farko, D ga masu NCE, kuma kowane rukuni sai da shaidar koyarwa. Tun 2017 ba a samun rajista sai an ci jarrabawar ƙwarewa da ake yi ta kwamfuta. Wanda ya ci yana karɓar takardar shaida da lasisi, kuma lasisin sabunta shi ake yi.

Darasin da mutum ya karanta shi ma yana da nauyi ƙwarai. Makaranta ba ta neman malami kawai, tana neman malamin lissafi ne, ko na Turanci, ko na Hausa, ko na Larabci da addini. Lissafi da Turanci tilas ne ga kowane ɗalibi, saboda haka guraben malamansu sun fi yawa, kuma malaman fizik da sinadarai ba su cika wadatar makarantun karkara ba. Wanda ya karanta fannin gudanar da makarantu ba tare da wani darasin koyarwa ba yakan sha wuya wajen samun gurbi, domin babu ajin da za a ba shi a jadawali.

Akwai kuma takardun da ake raina su har sai ranar tantancewa ta zo. Sakamakon WAEC ko NECO ko NBAIS mai kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ana duba shi. Mai digiri ko HND sai ya nuna shaidar yi wa ƙasa hidima ko takardar yafewa daga NYSC. Suna da ranar haihuwa dole su zo daidai a kan kowace takarda. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed kaɗai yana iya tsayar da fayil sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu.

Takarda tana kai mutum gaban kwamiti ne kawai. A can za a iya miƙa masa alli a ce ya koyar da darasi na 'yan mintoci, a duba tsarin darasinsa da yadda yake jefa tambaya. Amma matakin albashi takarda ce ke yanke shi: a aikin gwamnati mai NCE yakan fara daga mataki na 07, mai digiri daga mataki na 08. Don haka abin da ya fi dacewa ga mai sha'awar babbar sakandare shi ne digiri a darasin da ake koyarwa, da shaidar malanta, da lasisin TRCN wanda wa'adinsa bai ƙare ba.