Wasan Mota: Abin da Ɗan Kallo Ba Ya Gani

(Jawabin da aka gabatar a garin Ajingi, a taron hutu na ɗalibai 'yan ƙasar Gaya da Ajingi)



Sa'ad da aka sanar cewa a kan wasan mota za mu yi magana yau, wani abokinmu ya yi dariya ya ce, ina ruwan mutumin Toranke ko Kunkurawa da motar da kuɗinta zai gina makaranta sukutum? Tambayar tana kan hanya. Amma duk wanda ya leƙa wayar ƙanensa zai tarar motar nan ta riga mu isowa gida. Yaron bai taɓa ganin Ferrari ko Lamborghini ido da ido ba, amma ya ga tana juyi tana tayar da hayaƙi sau ɗari, kuma ranar da aka ɗaura auren abokinsa, abin da ya gani shi zai gwada da babur ɗin aro a tsakiyar jama'a.

Bari mu fara da asalin abin. A ƙasashen Turai da Amurka akwai kamfanoni da sana'arsu ke nan, watau yawo gari gari da motoci da direbobi, su kama babban filin wasa, su sayar da tikiti, su nuna bajinta. Wanda ya yi suna ƙwarai a baya shi ne wanda ya tsiro daga shirin talabijin na BBC mai suna Top Gear. Ya zaga ƙasashe da dama, har ya zo birnin Durban na Afirka ta Kudu a 2012. Da BBC ta rabu da Jeremy Clarkson a 2015, sai aka ci gaba da yawon da sunan masu gabatarwar su uku. Wani kuma da aka gina a kan finafinan Fast & Furious ya buɗe a Landan a farkon 2018, bai ko cika shekara ba ya durƙushe saboda bashi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana irin dukiyar da abin yake ci. Motocin da ake jerawa don ƙawa kuwa, irin su Bugatti Veyron da ta fito a 2005, mai ƙarfin doki 1,001, mai gudun da ya haura kilomita 400 a awa, ƙasansu kusa yake da kwalta ƙwarai, har ba mu tsammanin ɗaya daga cikinsu za ta kai Gafasa da cikinta lafiya a watan Agusta.

To, ga inda muke so a saurara da kyau. Abin da ɗan kallo yake ɗauka ganganci ne, a wurin masu sana'ar lissafi ne tsantsa. A 1972, a birnin Houston na Amurka, aka fara nuna wata dira inda mota take tashi daga kan gadar katako, ta murɗa a sama kamar igiya, ta sauka a kan tayoyinta. Ba direba ne ya ƙago ta ba. Injiniyoyi ne suka lissafa ta a kwamfuta, suka fitar da karkatar katakon, da nauyin motar, da daidai gudun da za ta zo da shi, sa'an nan aka sa mutum a ciki. Ita ce aka sake yi a fim ɗin James Bond na 1974. Haka sauran dabarun suke. Motar da ake wujijjigawa tana zamiya da gindi, tayoyin baya ne suke tura ta, an kuma gyara mata birkin hannu musamman. An walda mata kejin ƙarfe daga ciki domin in ta kife kada rufin ya danne mai tuƙi. Direban yana ɗaure da ɗamara ta kafaɗu da ƙugu, da hular kwano, da rigar da ba ta saurin kama wuta. Ya maimaita juyin nan a filin da babu kowa har ya zama masa jiki. Ga 'yan kwana-kwana a gefe, ga likita, ga motar asibiti injinta a kunne. Mafi muhimmanci duka, ga shinge mai kauri tsakaninsa da masu kallo. Duk waɗannan mai ɗaukar hoto ba ya nuna su, domin ba su ne suke sa a yi tafi ba.

Shingen nan ma ba don Allah suka fara gina shi yadda yake ba, jini ne ya koya musu. Ran 11 ga Yuni 1955, a tseren Le Mans na ƙasar Faransa, wata Mercedes ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. Abin ya girgiza Turai, har ƙasar Suwizalan ta haramta irin wannan tsere shekaru da dama. A lura, direba ɗaya ne ya mutu a ranar. Sauran duka mutane ne da suka zo kallo.

Mu ma ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga tseren mota, ko da yake kaɗan daga cikinmu suka sani. A 1974 an yi wani dogon tsere da ya taso daga Landan, ya ratsa Sahara, ya zo Kano, ya juya ya ƙare a Munich ta Jamus. Da yawa sun ɓace hanya a hamadar Aljeriya, 'yan kaɗan ne suka ga Kano, kuma wasu 'yan Ostireliya su uku a cikin Citroën ne suka ci. Tseren Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978, ya sha bi ta Agadas kafin a soke na 2008 a kwashe shi daga Afirka. Bikin kamun kifi na Argungu shi ma yana da nasa tseren motoci. Amma waɗannan duka wucewa suke yi, mu ɗaga musu hannu. Wanda ya zauna tare da mu shi ne na ranar biki.

Kowa a ɗakin nan ya san shi. An ɗaura aure, za a raka ango ko a kai amarya, sai samari su fito da babura, wani ya ɗaga tayar gaba, wani ya miƙe tsaye a kan kujera ya saki hannu, wani ya ɗauko mutum uku a baya. Idan akwai ɗan birni da ya zo da motar gidansu, shi kuma ya sami fili gaban makaranta ya dinga juyi ƙura na tashi, yara na bin sa da ihu. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a Janairun 2013, mun ga yadda babura suka ƙara yawa a garuruwanmu, kuma ba ma musun amfaninsu, domin su ne motar asibitinmu, su ne motar kasuwarmu. A wani biki da muka halarta bayan kaka, wani saurayi ya taho a guje zai yi kwana gaban taron mata, yashi ya kwashe tayar baya. Shi ya tashi da ƙujewa a gwiwa yana karkaɗe riga. Yarinyar da take tallan gyaɗa a bakin hanya ita aka ɗauka ranga-ranga, ƙafa a karye, aka nufi asibiti da ita a kan wani babur ɗin. Aka ce tsautsayi ne, iyaye suka yafe saboda zumunci, biki ya ci gaba.

Mu da aka tura makaranta bai kamata mu tsaya a kan kalmar tsautsayi ba. Mun yi imani da ƙaddara, amma an kuma koya mana lissafi. Abin hawa mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, ƙafa ta taka birki, daƙiƙar nan ta wuce. Sa'an nan in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Wanda yake tsayawa cikin taku goma a gudun 40, sai ya yi taku arba'in a gudun 80. Wannan a kan kwalta mai kyau ke nan. A kan burji ko yashi irin na unguwanninmu, taya ba ta da abin kamawa, nisan ya fi haka. Ba jarunta da take canza wannan lissafi.

Wani zai ce, to a hana kawai. An sha hanawa. 'Yan sanda sun sha yin gargaɗi, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana nan tun 1988, amma jami'i nawa ne za su tsaya a kowane ɗaurin aure daga Balare zuwa Gurduba? A ganinmu hani kaɗai ba zai kashe abin ba, domin sha'awar ta girmi mota. Ku dubi jahi a hawan Salla. Mahaya su taho a sukwane kamar za su bi ta kan Sarki, su ja linzami su tsaya cik, su ɗaga hannu. Wannan shi ne wasan motar kakanninmu, kuma ya fi na Turawa kyau a idonmu. Amma jahi yana da rana, yana da fili, yana da dogarai masu kora jama'a baya, yana da manya da suka san wane yaro ya isa hawa, wane bai isa ba. Da muka sauka daga doki muka hau babur, sai muka ɗauko sukuwar muka bar tsarin a baya.

Akwai waɗanda suka gyara irin wannan. A Soweto ta Afirka ta Kudu, juyin mota ya fara ne a shekarun 1980 a kan tituna, har da wajen jana'izar 'yan daba, da motocin BMW. Daga baya aka shigar da shi fili mai shinge, hukumar wasannin mota ta ƙasar ta amince da shi, ya zama sana'ar da samari har da 'yan mata suke ci da ita. Ba mu ce lalle sai mun bi sawunsu ba, kuma ba za mu ɓoye cewa wasu daga cikinmu sun fi son a bar abin gaba ɗaya ba. Sai dai mu ba za mu iya kallon yaron da yake kwance injin babur ya mayar da shi cikin yini guda mu kira shi ɗan iska kurum ba. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙarsa, kuma daga Gaya maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suka taso. Jikokin mutanen nan ne suke wasa da ƙarfe yau, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha nan kusa a Wudil. Abin kunya ne a ce tsakanin garejin bakin kasuwa da sashen injiniya babu ko gaisuwa.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma ba ya bukatar kasafin kuɗi. Yayyenmu da suke aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma su kai maganar gaban hakimi da dagatai, a yi shela a masallatai cewa ba a wasa da abin hawa a cikin ayarin biki, kuma uban ango shi za a tambaya in an yi. Wannan ya fi tsoron ɗan sanda tasiri, domin babu mai son a kira sunansa a ƙofar fada. In samari sun nace sai sun nuna gwaninta, a ware musu fili a bayan gari sau ɗaya ko biyu a shekara, a ja igiya nesa, a hana wanda ba shi da hular kwano shiga, a hana ɗaukar kowa a baya, a ajiye ma'aikacin lafiya. Mu ɗalibai kuwa namu ya fi sauƙi, ya kuma fi ɗaci. Sau da yawa mu ne abokan ango, mu ne muke ɗaga waya muna ɗauka, mu ne muke turawa a yi ta yabo. Mai wasan don wayarmu yake yi.

Bukukuwa za su yawaita da zarar an gama girbi. Muna so kafin mu koma makaranta a fitar da mutum biyu daga kowace mazaɓa cikin goman nan na Ajingi, waɗanda za su je su gana da shugabannin masu babura na garinsu, su kawo mana amsa a taro mai zuwa. Takarda tana wurin sakatare a bakin ƙofa, mai so ya rubuta sunansa kafin a tashi.