Kada Mu Jira "Zai Yi": Jawabin Kwamitin Jin Daɗin Mambobi a Bikin Cikar Ƙungiyarmu Shekara 10

 

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa mambobi na Birnin Kebbi da na Argungu, da mazajenmu da suka daure suka zo.

Kun ji lissafin Ma'aji, kun ji buhunan shinkafar da muka turara, da man gyaɗar da muka matsa, da kifin da muka banda. Alhamdu lillahi. Mu namu lissafin na daban ne. A shekarun nan goma, duk lokacin da wata mamba ta daina zuwa taro ko zubin adashinta ya tsaya, kwamitinmu ake turawa ya je ya gano ko lafiya. Gidaje da yawa da muka shiga, abin da muka tarar shi ne yaro a kwance a ɗaki. Ya kai shekara biyu ko uku, bai zauna ba, ko bai yi tafiya ba, ko ba ya magana. Uwar ba ta iya barinsa ta fita sana'a, kuma tana jin kunyar goyo shi cikin mutane. Maganar waɗannan yara muka kawo muku yau.

Akwai 'yar'uwarmu guda, ba za mu kama suna ba, ita ta ba mu izinin faɗa. Ta haifi ɗanta a gida. Kwana uku da haihuwa idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, a shanya shi a hantsi a ba shi jiƙo. Ya warware, aka yi suna, aka ci gaba da rayuwa. Ya shekara ɗaya ba ya waiwayowa in an kira shi. Ya shekara biyu babu kalma ko ɗaya. Duk sanda ta ɗaga maganar, sai uwar mijinta ta ce, "Ki bar shi, ubanai ma sai da yash shekara ukku kahin yay yi magana." Tsohuwar ba da mugunta take faɗa ba, kwantar da hankali take yi. Sai da yaron ya kusa shekara huɗu aka kai shi asibiti, aka gwada kunnensa, aka ce ba ya ji, kuma likita ya ce mai yiwuwa shawarar nan ce ta taɓa shi. Shekara uku cur yana zaune cikinmu ana dukansa wai ba ya jin magana, alhali da gaske ba ya ji.

Gaskiya ne yara ba sa tafiya da ƙafa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, ciki har da Ghana, ta fitar da sakamako a 2006. Ta ga wani yaro yana takawa shi kaɗai tun yana wata 8, wani sai ya kusa wata 18, kuma duk lafiyarsu lau. Saboda haka ba muna cewa ki tayar da hankali don ɗan maƙwabciya ya riga naki rarrafe ba. Amma jira yana da iyaka, kuma iyakar nan muke so kowace uwa da kowace kaka ta riƙe.

Idan jariri ya kai wata 4 wuyansa bai tsaya ba, ko ba ya bin fuskarki da ido, ko a yar da kwano kusa da shi bai firgita ba, a kai shi a duba. Idan ya kai wata 9 bai zauna da kansa ba, ko jikinsa ya cika sanƙarewa, ko ya saki laɓe-laɓe, a kai shi. Ya shekara ɗaya babu gwaranci, ba ya waiwayen sunansa, a kai shi. Ya kai wata 18 bai taka ba, ko babu kalma ɗaya a bakinsa, a kai shi. Ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu irin su "Inna ruwa", a kai shi. Sai babba a cikinsu: duk yaron da ya iya wani abu sannan ya daina, yana magana ya yi shiru, ko yana tafiya ya koma rarrafe, wannan ba a kwana da shi ana shawara. Bakwaini kuwa ana yi masa rangwame, ana ƙirga watanninsa daga lokacin da ya kamata a haife shi.

Me ke kawo wannan jinkiri? Mun san abin da ake faɗa a garuruwanmu na bakin gulbi. A ce ɗan ruwa ne, a ce an yi musaya, a ce uwar ta fita da almuru tana da ciki, ko kishiya ce. Mu Musulmi ne, mun yarda komai da ƙaddarar Allah yake, addu'a kuma ba ma barinta. Amma yawancin dalilan sanannu ne a wurin likitoci. Akwai doguwar naƙuda, inda jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba. Akwai shawarar kwanakin farko. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai har yaro ya yi jijjiga, mu da ke zaune kusa da fadama mun san shi. Akwai sanƙarau, wanda ya addabi Zamfara da Sakkwato da Kebbi a 2017, kuma yakan bar yaro da kurumta. Akwai ƙyanda, akwai tamowa. Wasu yaran kuma haka aka halicce su, babu laifin uwa, babu laifin uba.

Bari mu tsaya kan shawara, don ita ce ta fi wuce mu muna kallo. A al'adarmu mai jego da jaririnta suna cikin ɗaki har ranar suna, ɗakin kuma sau da yawa da duhu. Don Allah a riƙa fito da jariri bakin ƙofa kullum a makon farko, a duba farin idonsa, a danna goshinsa ko karan hancinsa da yatsa a ga kalar fatar. In an ga ɗorawa, ko ya ƙi kama nono, asibiti za a nufa a ranar. Can suna sa shi ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske. Hantsi da ruwan sukari ba sa maye gurbin wannan. Kafur ɗin da muke zubawa cikin kayan jarirai don ƙamshi, shi ma a daina, yana fasa jinin wasu jariran ya tayar da shawara. Rigakafi kuma a kammala shi. Tun watan Disamba na 2024 aka fara ba yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Najeriya, kuma da jiharmu da Bayelsa aka fara. Ku tambaya a wurin awo.

To in an je asibiti, me ake yi? Wasunmu tsoron wannan ke hana su. A fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa, ko Babban Asibitin Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya a nan Birnin Kebbi, a nemi ganin likitan yara. Za a tambaye ki yadda cikin ya kasance, yadda aka haihu, ko ya yi kuka nan take, ko ya taɓa shawara ko jijjiga. Za a auna nauyinsa da tsayinsa da zagayen kansa, a ba shi abin wasa a ga yadda yake kamawa. Daga nan za a iya tura ku sashen gashin ƙashi, ko gwajin ji, ko na ido, a Asibitin Tarayya na Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ki tafi da katin rigakafinsa. In kina da waya, ki ɗauki bidiyon abin da ke damun ki, don yaro sau da yawa ba ya yi a gaban likita. In aka ce ki koma gida ba komai alhali zuciyarki ba ta kwanta ba, ki koma, ko ki nemi wani likitan. Ke kike kwana da shi.

Ba za mu yi muku alkawarin ƙarya ba. Akwai lalurar da ba ta warkewa. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ƙwaƙwalwar yaro a shekaru ukun farko ta fi karɓar koyo. Wata mambarmu ta Argungu ta kai jikarta tana wata 10 ba ta zama. Aka koya mata yadda za ta riƙa zaunar da ita, da motsa mata gaɓoɓi, da ba ta abinci ba tare da ta ƙware ba. Yau yarinyar tana takawa tana dafa bango, tana cin abinci da hannunta. Yaron da ba ya ji kuma, in an gane da wuri, zai iya samun na'urar ji ko ya koyi maganar hannu, ya shiga makaranta.

Babban aikin ma a gida yake, kuma ba ya cin kuɗi. A ƙasar Jamaika, wajen 1986, an riƙa ziyartar iyayen yara masu tamowa mako-mako har shekara biyu, ana koya musu wasa da hira da 'ya'yansu da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka waiwayi yaran, aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin 100. Kun ga ke nan hirar da kike yi da goyonki kina tankaɗe, da waƙar da kike masa, da ludayi da gwangwanin da kika ba shi ya buga, ba ɓata lokaci ba ne.

Mazajenmu, wannan gaɓar taku ce. Izinin fita da kuɗin mota a hannunku suke. Yaro mai lalura amana ce, kuma dokar ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Kada a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, kada a saki uwarsa a kansa.

Ga abin da kwamiti ke roƙon babban taro ya amince da shi. Na farko, a ware wani kaso daga asusun jin daɗi don kuɗin motar zuwa asibiti, tunda gashin ƙashi ba zuwa ɗaya ba ne. Na biyu, duk mambar da za ta kai yaro, a haɗa ta da 'yar rakiya. Na uku, wadda jinyar yaro ta tsayar da zubinta, a ɗaga mata ƙafa, kada a cire sunanta. Na huɗu, duk mai zuwa barka a madadin ƙungiya ta nemi a fito mata da jariri haske ta duba idonsa. Na biyar, a zo da yaran nan wurin taro, a shimfiɗa musu tabarma cikin 'yan'uwansu.

Wadda ke da wata damuwa kan ɗanta ko jikanta, ta same mu bayan an tashi, maganar ba za ta wuce tsakaninmu ba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.