Gawo a gona, dogon yaro a ƙofar gida

Duk wanda ya ratsa gonakin Magarya da Dungas da damina zai ga gawo tsaye ba ganye, gero kuwa ya yi baƙiƙƙirin a gindinsa. Halinsa ke nan. Yana zubar da ganye daidai lokacin shuka, ganyen ya zama taki, rana ta isa ga amfanin gona. Da rani sai ya yi kore, awaki da tumaki su taru suna tsintar kwasfarsa, su bar kashi a wurin. Ba ya neman ban ruwa, don saiwarsa tana nitsawa can ƙasa. Abin da yake so kawai manomi ya tsallake shi ranar sassabe. Tun shekarun 1980 da manoman Damagaram suka rungumi sassabin zamani, wato tsallake ƙananan itatuwa ranar sassabe, gonakin nan sun sake cika da shi.

Shi kuwa dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, sai an dasa, an shayar, an killace. Yana ba da inuwa duk shekara, da itacen rufi, amma gero ba ya son inuwarsa. Wurinsa kasuwa da makaranta da ƙofar gida.

Don Allah, makiyaya da masu itace, a rage sare rassan gawo, musamman ƙananan.